Ƙanwar Gyaɗa a Makiyayar Kawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Wannan na karɓa hannu biyu. Abin da ya tsaya min a wuya har yau shi ne maganar da aka yi ta yi a falonsa ranar da aka kai shi makwancinsa.

Gidan nasa a Laurel yake, a jihar Maryland, kuma ranar ya cika har kan matakala. Mu mata muna tsakanin kicin da ɗakin matarsa lokacin da maza suka dawo daga maƙabarta. Hanyarsu ta bi ta gefen filin da ƙungiyarmu ta Hausawan wannan yanki take kiwon raguna, filin da Kawu ya yi shekara da shekaru yana kula da shi. Ashe sun tsaya sun leƙa. Suna shigowa shugaban ƙungiya, wani dattijo ɗan kasuwa mai son a ji muryarsa, ya zauna ya gyara babbar riga.

"Kun ga filin nan kuwa?" in ji shi. "Kore shar, kamar an shimfiɗa kafet. Wannan albarkar Dakta ce. Tun yana duniya Allah Ya nuna mana alamarsa."

Aka amsa da "Allahu Akbar" daga kowace kusurwa. Wani likita ya ce shi bai taɓa ganin filin ya yi kyau irin na bana ba. Wani kuma ya zaro waya yana nuna hoton da ya ɗauka. Wata maƙwabciyar Kawu 'yar Kumasi, da take tsaye kusa da ni tana juya shinkafa, ita kaɗai ta faɗi abin da ya shiga kunnena. Ta ce, "Dakta ya tafi, wa zai ba mu rago mai daɗin nama kuma?"

Na dire farantin da ke hannuna da ƙarfi. Ba don baƙin ciki ba, don fushi. Koren da suke yabo shi ne abu na ƙarshe da ya ɓata wa Kawu rai a duniya, kuma a cikin masu kabbarar akwai waɗanda suka san haka. Shi ya sa nake wannan rubutu. Idan za a tuna da shi, a tuna da shi a kan abin da ya yi, ba a kan abin da aka yi masa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ilimin ƙasar noma ya karanta tun a gida, ya zo nan ya ƙara, ya yi aiki a wani ɗakin gwajin ƙasa a Maryland har ya yi ritaya. Mutanenmu suna ce masa Dakta, amma da ɗan murmushi, domin a wurinsu daktan da ba ya yin allura rabin dakta ne. A bayan idonsa kuwa sunansa Dakta Mai Ciyawa. Ya sani, kuma bai damu ba. Yakan ce, "Duk naman da kuka ci ciyawa ce ta canza riga."

A farkon shekarun dubu biyu ƙungiya ta samu filin. Kowa ya gaji da tuƙa mota zuwa gonakin nesa neman ragon layya ko na suna, sai aka ce a yi kiwo na kanmu. Ƙungiya ce mai fili, amma shingen da tumakin farko Kawu ne ya kawo. Wani mahauci ɗan Maraɗi shi ke taimaka masa da yanka da lura da dabbobi. Filin lokacin duk tsohuwar ciyawa ce mai kaushi, wadda rago zai yini yana ci ya kwana da yunwa.

Ni na zo ƙasar nan bayan haka da 'yan shekaru, na samu aikin jinya a Silver Spring. Hunturun farko ya kusa mayar da ni gida. Ba na fita sai aiki, ba na magana sai da marasa lafiya. Da sanyi ya wuce, wata Asabar Kawu ya zo ya buga min ƙofa. Sunan mahaifiyarsa nake da shi, don haka Uwata yake ce min.

"Uwata, sa takalmin da ba kya so, ki zo in haɗa ki da wata baƙuwa."

Na ɗauka wata mata ce daga gida. Ya kai ni filin, ya durƙusa da ƙyar, ya tono wani ɗan tsiro mai yaɗo a ƙasa, ganyensa uku-uku, furensa fari kamar ƙaramin maɓalli. Turawa suna ce masa kuloba. Kawu bai taɓa kiransa haka ba.

"Ga ta, ƙanwar gyaɗa," in ji shi. "Dangin su wake ce. Ita ma ba 'yar ƙasar nan ba ce, kawo ta aka yi daga ƙetare."

Ya kakkaɓe ƙasar saiwar ya nuna min wasu ƙulle-ƙulle ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya sa farce ya fasa ɗaya, cikinsa ja-ja. Ya ce wannan jan shi ne shaidar tana aiki. A cikin ƙullin nan take kamo abincin shuka daga iska, irin wanda muke saye a buhun yuriya, ta ajiye shi a ƙasa. Rago ya ci ganyenta ya yi nama, ya yi kashi da fitsari, ciyawar da ke kusa ta samu rabonta. Ya ce baƙuwa ce, amma ita ke ciyar da masu gida. Bai dube ni ba da ya faɗi haka, ni ma ban dube shi ba. Daga ranar ban sake maganar komawa gida ba, kuma kusan kowace Asabar da ba ni da aiki ina filin.

A nan na koyi abin da ya sa a gaba. Ƙanwar gyaɗa ba ta buƙatar yuriya, tana yin nata. Abin da take buƙata shi ne fosfaras, takin da manomanmu suka sani da sufa, wanda ake sa wa gyaɗa a gida. Matsalarta ita ce saiwarta gajera ce, ba ta da yawan gashi, ita kuwa ciyawa saiwarta ta cika ƙasa. Idan sufa ya yi ƙaranci, ciyawa ce ke kwashe ɗan abin da ke akwai, ita ta ƙanƙance, ganyenta ya yi duhu, ta daina yaɗo.

"Ciyawa da hannu biyu take ci," Kawu yakan ce. "Ita kuwa ci take kamar suruki a gidan surukai. In ba ka tura mata kwano har gabanta ba, da yunwa za ta tashi, kuma ba za ta faɗa maka ba."

Amma ba zubawa yake yi kawai ba. Duk lokacin kaka sai ya zaga filin da wani ƙarfe mai rami yana ɗibar ƙasa, ya kai a gwada. Inda ƙasa ta ƙoshi ba ya ƙara ko cokali. Ya ce sufan da ya yi yawa ruwan sama ne ke wanke shi zuwa rafi, rafi ya kai shi babban ruwa, gansakuka ta rufe ruwan ta shaƙe kifi. "Mun zo ƙasar mutane, ba za mu ɓata musu ruwa ba." Ya koya min karanta buhun taki. Lambobi uku ne a jiki, ya ce in manta da hoton da ke kan buhun da duk wani kirari da aka rubuta, in dubi lamba ta tsakiya, ita ce sufa.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa matarsa ta hana shi shiga motarta. Tumaki suna ci a ko'ina amma a inuwar bishiya ɗaya suke kwanciya, can suke tara kashi. Kawu ya ce wannan sata ce, suna kwashe sufan fili suna kai wa bishiya. Sai ya ɗauki shebur da baro yana mayar wa kowane sashe haƙƙinsa. Dattijo mai digiri uku, da hular sanyi, yana tura baron kashin tumaki yana tasbihi. Ya kuma raba filin da shinge, yana juya dabbobin daga sashe zuwa sashe. Idan ciyawa ta yi tsawo ta rufe wa ƙanwar gyaɗa rana, sai ya sako raguna su aske ta. Idan suka fara tsince ƙanwar gyaɗa kaɗai, don ita ce mai daɗin, sai ya kore su gaba. Ba ya kuma sakin rago mai yunwa a kanta da raɓar safiya, saboda kumburin ciki.

Cikin 'yan shekaru filin ya canza. Ba kore ɗaya ba ne, dabbare-dabbare ne, da fararen furanni da ƙudan zuma. Raguna suka yi ƙiba ba tare da an cika su da hatsi ba. Kowa ya ci naman ya yaba, babu wanda ya tambayi dalili.

Rigimarsa da shugaban ƙungiya a kan haka ta taso. Wata shekara, gab da layya, shugaba ya zo da baƙi daga gida yana son ya nuna musu filin. Ya ga furanni, ya ɓata fuska.

"Dakta, wannan ai ƙazanta ce. Maƙwabcina Bature da guiwa yake bin wannan abin yana cirewa a gaban gidansa. A zuba yuriya mana, sati biyu wurin ya yi kore."

"Maƙwabcin naka rago ne?" in ji Kawu.

"Wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya na yi, Alhaji. In ba ya cin ciyawar gaban gidansa, to ra'ayinsa bai shafe ni ba. Ka zuba yuriya, ciyawa ta yi tsalle ta rufe wannan, ta mutu. Baɗi sai ka sake sayen yuriya, baɗin baɗaɗa ma haka, har ka mutu. Wanda ya kori mai dafa masa abinci ai ya ƙulla abota da mai sayar da burodi."

Baƙin suka yi dariya, shugaba bai yi ba. Sun fi shekara suna gaisawa da baki kawai. Ba zan ce Kawu ba shi da laifi ba. Harshensa yana da kaifi, kuma bai iya sassauta gaskiya don mutum yana gaban baƙinsa ba. Amma layyar da ta biyo baya, rago mafi kyau a garken shi da kansa ya zaɓa ya aika gidan shugaba. Aka karɓi ragon, ba a karɓi maganar ba.

A ƙarshen wata bazara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya tafi, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi ta fama kafin ta fito. Hankalinsa kuwa yana nan garau, kuma yana filin. Kafin ciwon ya riga ya gwada ƙasa, ya san sashen gabas yana son sufa kafin sanyi.

Mijin babbar 'yarsa injiniya ne, a Annandale suke zaune. Mutum ne mai ladabi, bai taɓa haɗa ido da Kawu ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Ya je dubiya asibiti, ya durƙusa daga nesa kansa a ƙasa. Kawu ya yi ta ƙoƙari har ya fitar da kalma biyu: "Fili. Sufa." Surukin ya ce, "To, Baba." Bai gane ba, kuma kunya ta hana shi cewa bai gane ba. A garin Kano ya tashi, bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya tafi babban kantin kayan gini da lambu, ya ga buhuna masu hoton koren fili, an rubuta kalmar "super" ta Turanci da manyan baƙaƙe a jikinsu, irin kirarin da 'yan talla ke yi wa kowane kaya. Ya ce ga sufa. Takin farfajiyar gida ne, lambar farko babba, ta tsakiya sifili, kuma an gauraya shi da maganin kashe duk wani tsiro mai faɗin ganye. An yi shi ne musamman don ya kashe ƙanwar gyaɗa.

Bai tambaye ni ba, bai tambayi mahauci ba. Sai ya kira shugaba, shugaba ya ce madalla, ya turo masa mutane da injin watsawa. Shi surukin bai san abin da ke cikin buhun ba. Shugaba kuwa yana da irin buhun nan a garejinsa, da shi yake gyara gaban gidansa. Ba sashen gabas kaɗai suka yi ba, duk filin suka bi.

Mahauci ne ya kira ni ina wurin aiki.

"Madam, ki zo ki gani. Ni dai na kwashe bisashe na rufe su, warin abin nan bai yi min ba. Lokotoro ya sani kuwa?" Haka yake kiran Kawu, wato Dakta a bakin mutanen Maraɗi.

Da na je, ganyen ya riga ya fara murɗewa. Na tsinci buhu ɗaya a bakin shinge, na dubi lamba ta tsakiya, na zauna a ƙasa. A jikin buhun an rubuta kada dabba ta yi kiwo a wurin. Tumakin suka koma cin busasshiyar ciyawa a rumfa, aka sayar da wasu, sauran aka kai su ajiya wata gona. Na kira surukin na faɗa masa abin da ba a faɗa wa mijin yaya. Na kira shugaba, ya ce min, "Haba 'yata, ciyawa ce fa." Iyali suka taru suka yanke shawarar kada a gaya wa Kawu, wai don kada jininsa ya hau. Na ce ni ba zan yi masa ƙarya ba in ya tambaye ni. Sai suka daina barina da shi ni kaɗai.

Da sanyi ya wuce, Kawu ya matsa sai an kai shi fili. Ya ƙi cin abinci har aka yarda. Muka tafi da shi, ni da matarsa da surukin, muka tura shi a keken marasa lafiya har cikin ƙofa. Ciyawa ta kai guiwa, kore ɗaya tun daga nan har can, babu fure, babu zuma, babu rago. Ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya sa hannun hagu ya buɗa ciyawar da ke kusa da tayar keken, ya leƙa ƙarƙashinta. Ya matsa ya sake buɗa wani wurin. Sannan ya ɗago ya dube mu, maganar ta fito masa sarai kamar ba shi da ciwo.

"Ina take?"

Surukin ya juya baya yana kallon titi. Kawu ya yi nuni a mayar da shi mota. Bai sake ambaton filin ba, kuma bai yi wata biyu a duniya ba bayan wannan. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san ciwonsa ne ya kashe shi da kwanansa da ya ƙare. Amma na san kuma da abin da ya tafi a ransa.

To wannan shi ne koren da aka kira albarkar Dakta.

Ranar sadakar bakwai shugaba ya fito da sauran maganar. Ya ce tunda babu dabbobi yanzu, kuma fili ya yi kyau, a mayar da shi wurin taron Sallah da wasan yara. A zuba tsakuwa a gaba don fakin motoci, a kafa allo da sunan Dakta. Aka ce wannan karramawa ce. Mutanen da suka yi shekaru suna masa dariya, yanzu za su binne aikinsa da tsakuwa su rubuta sunansa a kai.

Da safen ranar na biya ta filin. Injin watsawa ba ya kaiwa gindin shinge, don haka na bi shingen a durƙushe ina buɗa ciyawa. A kusurwar gabas na samu ƙanwar gyaɗa, siririn layi, ta rame amma tana yaɗo. Na tono dunƙule ɗaya na sa a kwanon da zan zuba sadaka.

Da shugaba ya gama magana na yi sallama na shiga falon maza, na ajiye kwanon a gabansa. Na fasa ƙulli ɗaya da farce, cikinsa ja.

"Baba Alhaji, wannan ita ce aikin Kawu. Abin da kuka ɗauka hoto, shi ne abin da ya kashe ta. Ku kun san abin da ke cikin buhun nan. In allo za ku kafa, ku rubuta sunanku."

Wani ya ce in yi haƙuri, ranar addu'a ce. Shugaba ya ture kwanon da ɗan yatsa ya ce, "To, 'yata, mun ji. Za a duba." Kowa ya san abin da "za a duba" ke nufi a bakin manya.

Sai muryar matar Kawu ta fito daga bayan labule. Tana takaba, tun ranar rasuwar ba a ji ta ɗaga murya ba.

"Alhaji, fili naku ne, ban musa ba. Shinge da tumaki na mai gidan nan ne, kuma 'ya'yansa sun bar min su. Na sa a dawo da tumakin ranar Asabar. In za ku zuba tsakuwa, sai ku zuba a kansu."

Babu wanda ya sake cewa komai a kan fakin. Aka shafa fatiha aka watse, wasu ko sallama ba su yi min ba, kuma har yau ban nemi gaisuwarsu ba.

Ranar Asabar mahauci ya sauke tumakin, suka faɗa wa doguwar ciyawar nan. Ya ce sai sun aske ta ƙasa kafin rana ta kai ga wadda ta rage. Na ɗauki ƙarfen Kawu na fara ɗibar ƙasa. Aikin shekaru ne, kuma ban san rabin abin da ya sani ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya ba shi inuwar da ba ta gushewa. Waɗanda suka yabi koren kuwa, ina roƙon Allah Ya sanyaya min zuciya a kansu, don har yanzu ba ta sanyaya ba.

Ina cikin aiki mota ta tsaya a bakin ƙofa. Surukin ne. Ya sauke buhu ɗaya ya juyo min da lambobin. Ta tsakiya ce babba. Na ce ya ajiye, ba za a zuba ba sai sakamakon gwaji ya fito. Ya ce to. Ya tsaya yana duban filin, hannuwansa a baya, sai na fahimci ko kamanninta bai sani ba. Ya kashe ta bai taɓa ganinta ba.

Ya yi gyaran murya, ya ce, "Ina take?"

Na ajiye ƙarfen na share fuskata. Na ce masa ya naɗe ƙafar wandonsa, don ba a ganinta daga tsaye.